Tsaga Tara

Da aka raba gadon gidanmu a Garwa,
yayyena suka ɗauki fili da keken ɗinki.
Ni aka miƙo wa wani dogon abu
naɗe a tsohon bargon soja,
yana warin man kaɗe da tsatsa.
"Ta Kaka Barmo ce. Kai ne mai yawan tambaya."

Kwana uku ina juya ta a kan tabarma.
Lambar sakata dabam, lambar bututu dabam.
Ƙotar ta gajarce, kamar an yi wa yaro.
Can ƙasa, tsaga tara da bakin wuƙa.
Na ƙirga, na sake ƙirgawa,
na ce a raina: mutum tara.
Daren nan tuwo ya ƙi wucewa.

Ran Lahadi na hau babur zuwa Fitowa,
bayan 'yan kifi, inda hayaƙin ƙirya ke tashi.
Baba Tunau bai gani sosai yanzu,
da yatsa yake karatu.
Ya ɗora ta a cinya kamar jinjiri,
ya shafa, ya shinshina, ya yi dariya:
"Ashe kina nan, tsohuwa.

"Wannan sakata ba tata ba ce.
Tata ta faɗa Binuwai a shekarar babban ruwa,
aka ciro wannan daga wata da ta mutu.
Aro ce, amma ta zauna.

"Nan ramin banati ne, ka ji an toshe da dalma?
Ya ce ya gama da suka tun a Far Lami.
Katakon Turawa ya tsage daga nan zuwa nan,
muka cike da maɗaci,
muka ɗaure da fatar wutsiyar sa, ɗanya,
ta bushe ta kama har yau.
Ƙotar kuwa, harsashi ne ya ci masa kafaɗa,
hannun ya daina miƙewa.
Tun da hannu ba zai yi tsawo ba,
sai muka rage itace.

"Taɓa nan. Wurin kunci ya koma ɗaya gefen.
Idon dama ya mutu, ya koya wa hagu saiti
yana da shekara hamsin.
Cikinta ma mun sharɓe shi sumul,
ta bar cin harsashin gwamnati,
ta koma barbaɗi, zabi da birai,
da tsuntsayen da ke sauka a masakwa."

Na ce, Baba, tsagar fa?
Muryata ta fito siririya.

"Ranar suna yake harba ɗaya sama,
unguwa ta ji, sannan ya tsaga."
Na ce bakwai muka sani.
"Biyu ba su kai yaye ba.
Ga uwarka nan, ta huɗu, mai zurfin nan;
rannan wuƙar sabuwa ce."

Na daɗe da yatsana a cikin ta huɗu.

Sai ya zare sakata, ya juya ta ga rana.
"Allurar guntuwa ce. Ba ta kai wa.
Ina yaro, ina jan zuga-zugi,
ya shigo da asuba, raɓa har gwiwa.
Ya kwana a kan iyakar gona
yana jiran ƙanensa.
Bai ce komai ba sai:
'Ku yanke mata harshe kafin in canza.'
Maigidana ya sa magagari. Ni na riƙe."

Ƙanen nan ni na san shi.
Shi ya yi wa Kaka wanka,
shi ya shiga kabari ya karɓe shi.

A hanyar dawowa jandarma ya tsayar da ni.
Ya ja kunama, ƙas, ya sake ja, ƙas,
ya ce, "Wannan ai sanda ce."
Na ce haka ne, ranka ya daɗe.
Na mayar da ita cikin bargo,
na ɗaura a baya.
Har Garwa sakatar aron nan
tana ƙwanƙwasa mini ƙashin baya a kowane rami.